Ranar da Na Nemi Inna Ta Faɗi Sunana

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na sa farar rigar aro na tara matan garinmu don in nuna musu na yi ilimi, na tashi da kunyar da har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Shekaru sun ja, da yawa cikin waɗanda suka yi min dariya sun riga mu gidan gaskiya, amma ni da abin ya faɗa wa ina nan da shi ɗanye.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Marnona da Wurno. Tun da aka datse ruwa a Goronyo aka jawo shi ta kanal zuwa fadamu, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, kowa ya sami abin yi. Sai dai ruwan bai zo shi kaɗai ba, ya taho da tsargiya. Yaro zai wuni yana iyo a kanal, bayan ɗan lokaci sai ka ga yana fitsarin jini. Abin ya yi yawa har wasu suka daina ɗaukarsa ciwo.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato ba, an tura ni wani ɗan asibitin sha-ka-tafi. Sai ga wasu likitoci daga birni sun zo za su gwada wani sabon tsari na ba yara maganin tsargiya, su ga ko ya fi wanda aka saba. Shugabarsu wata mata ce, Dakta Rabi, doguwa, ba ta da yawan magana. Da yake ni ɗan ƙasa ne sai suka ɗauke ni in riƙa shige musu gaba. Tun ranar farko ta faɗa mana sharaɗinta: ba za a fara gwajin ba sai an zauna da marasa lafiyan da masu kula da su, an karanta musu yadda aka tsara komai, sun gyara abin da bai yi musu ba. Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa nake, me mutumin da bai taɓa riƙe biro ba zai gyara a takardar likita?

Ta ba ni shafi ɗaya in tsara, shafin da ya shafi wanda zai kawo yaro. Na zauna na zuba basira. Na rubuta cewa uwar yaro ce za ta kawo shi ranar Talata. Ita za ta faɗi cikakken sunansa da bakinta a gaban ma'aikaciya don kada a yi musaya, ita za ta ba shi ƙwayar da hannunta, ta zauna kusa da shi awa guda, kuma ita za a riƙa tambaya duk mako ko jinin ya tsaya. Yaron da uwarsa ba ta zo ba, ba za a rubuta shi ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, na karanta, na ji daɗin kaina.

Yanzu sai in faɗi abin da ban faɗa wa Dakta Rabi ba. Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama kusa da shi cikin mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, Kaka Ige, a can na tashi. Inna, wadda ta haife ni, tana gida ɗaya da mu, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ƙannena bakwai kowa tana rangaɗa masa suna tun daga bakin murhu har zaure. Ni kuwa "wancan" ne. "Ku kai ma wancan tuwo." "Wancan ya dawo?" Ina da shekara ashirin da shida, da takardar shaida a jaka, amma har lokacin wancan ne.

To kun ga ba rashin sani ya sa na rubuta shafin nan haka ba. Na gaya wa kaina al'ada ce ta da, aikin likita ba ruwansa da ita. (Ƙarya nake. Gaskiyar ita ce ina da wani ƙulli a zuciya tun ina yaro, kuma na sami takardar da zan rataya shi a kai.) Ina so, ko sau ɗaya ne a duniya, in ji yadda sunana zai fito daga bakin matar nan.

Mun yi zama na farko a Tursa, ƙasar Rabah, na biyu a Goronyo. Duka biyun ni na karanta, da murya irin ta mai labarai a rediyo. In na gama sai in ce, "Kun yarda?" Su ce, "Mun yarda." Ni a ganina an gama aiki. Dakta Rabi kuwa sai ɓata rai take. A mota ta ce min, "Malam, wannan 'mun yarda' ba shawara ba ce. Ni so nake wani ya ce min ban yi daidai ba." Na bugi ƙirji na ce ta bari mu je garinmu, can mutanena ne, za ta ga yadda ake taro.

Ta kuwa gani.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inuwar wata tsamiya bayan makarantar firamare. Mata suka cika wurin, maza kaɗan suka zauna gefe a kan benci. Ni na ari farar riga irin ta likitoci wajen wani abokin aiki (hannunta ya fi nawa tsawo, sai da na naɗe), na jera biro uku a aljihu, ja da baƙi da shuɗi. Can baya na hango Inna ta rufe rabin fuska da mayafi, Kaka Ige na kusa da ita da sandarta. Na ƙara miƙe wuya.

Ban kai rabin shafi ba Malam Buba ya ɗaga hannu. Manomin albasa ne, shi kansa ya daɗe yana fama da ciwon.

"Ɗan nan, Talata hwa ita ta ranar ruwanmu. In anka buɗe kanal, ban ga mai barin albasatai shi zo shi zamna layi ba. Kuma yaran su ka taya mu jan ruwa."

Na ce masa lafiya ta fi albasa. Na faɗa da ƙarfi don a ji. Na waiga in ga ko Dakta Rabi ta yaba, sai na ga kanta a ƙasa tana rubuta maganarsa, ba tawa ba.

Wata mata kuma ta ɗaga kwalbar da muka raba ta gwajin fitsari, ta haska ta a rana. "Wagga da aka ganin abin da ac ciki, wace ɗiya mace za ta ratsa gari da ita, kowa na kallo?" Dakta Rabi ta sake rubutawa. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don ba haka muka yi da garinmu ba.

Sai wata dabara ta faɗo min, irin wadda in ta zo maka kake zaton daga sama take. Na ce tunda bayani ya yi musu wuya, bari mu nuna a aikace. Dakta za ta zama ma'aikaciya, ni zan zama yaron da aka kawo, uwa kuma ba sai an nema ba, ga tawa nan zaune. Na jawo wata 'yar kujerar tsugunno na zauna a tsakiyar fili, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na ce, "Inna, taho."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka girmamawa ce.

Inna ba ta iya ƙin tashi a gaban baƙi. Ta taso a hankali, ta zo ta tsaya nesa da ni kamar taku huɗu, ta juya fuskarta wajen katangar makaranta. Dakta Rabi, wadda ba ta san matsayina a gidan ba, ta gyara zama ta yi murmushi.

"Sannu Mama. Yaya sunan yaron naki?"

Inna ta ci gaba da kallon katanga.

Dakta ta ɗauka ba ta ji ba, ta ɗaga murya. "Mama, sunan ɗanki za ki faɗa min."

Inna ta ja mayafi ta ƙara rufe baki. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ku tambayi tsohuwa."

Na ji wata ta ƙyaƙyata dariya a baya, wata ta ce mata ta yi shiru. Nan ne mai hankali zai miƙe ya ce wasa ya ƙare. Ni kuwa zuciyata bugawa take, ina ganin saura ƙiris. Na ce, "Haba Inna, hwaɗi mana. Aikin likita na, ba wasa ba. Suna ɗai na."

Sai ta juyo ta dube ni. Ban tuna ranar da ta taɓa kallona ido cikin ido ba kafin wannan. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da ya fi min sauƙi. Kallon wanda aka tsayar a kasuwa aka ce ya kwance kayansa ne. Leɓenta ya motsa, na rantse ya motsa, amma ba abin da ya fito.

Ƙarar sanda na ji a ƙasa. Kaka Ige ta miƙe.

"Ke Likita, bar wahal da bakinki. Wagga ko kwana za ki yi kina tambaya ba ta hwaɗi. Ɗan hwari na. Kuma shi angon nawa da yaz zamna nan yana hura hanci, ya sani sarai."

Da ta tsaya nan da na gode Allah. Amma wanda ya san wasan kaka da jika ya san ba a ba tsohuwa fili irin wannan ta mayar da shi da sauri. Ta tako har tsakiya, ta ɗora sandarta a kafaɗar farar rigata.

"Ni nir riƙe shi tun da anka yaye shi. Wanga da kuka gani da biro ukku, yana ɗan shekara tara kullum yana cikin kanal kamar kwaɗo. Da hitsarin jini yak kama shi, sai yat tuɓe wando yat tura cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero. Kwana ukku yana yawo cikin gida da zanena ɗaure ga ƙugu, wai zahi shika ji."

Wurin ya fashe. Mata suna dariya suna riƙe juna, wata har da guɗa. Malam Buba ya cire hula yana share hawaye da ita.

"Ban ƙare ba. Ranar da munka kai shi asibiti anka ba shi ƙwayag ga ƙatuwa bai ci komi ba, sai yak kwarara amai bisa takalmin malamin asibiti. Sabon takalmi! Mutumen bai sake gaishe ni ba har anka yi mai canji."

Ina zaune a kujerar tsugunno, na rasa inda zan sa idona. Tashi ma ya gagara, don gefen rigar ya maƙale a ƙarƙashin ƙafar kujera. Na saci kallon Dakta Rabi, na ga ta kare bakinta da littafin rubutu, kafaɗunta suna rawa.

Sai Kaka ta sauke sanda, muryarta ta canza.

"Likita, in uwa ɗai ka kawo ɗa, to da wanga bai sha magani ba. Ga Bello can gida, ɗan hwarin ƙanwatai, shi ma jinin shika yi. Wa ka riƙonai? Ita wagga da kunka tsayar. Takardar jikana tac ce ba a rubuta shi. Tana zamne tana ji, ba ta ce komi ba." Ta juyo gare ni. "Kuma in kuna son ku san ko jini ya tsaya, ku tambayi mai wankin wando. Ita ka gani."

Wallahi har lokacin ban kawo Bello a raina ba. Ɗan ƙanwata, yaron da nake saya wa alewa, na ja layi biyu na fitar da shi daga magani, ina can ina neman a kira sunana.

Dakta Rabi ta ajiye littafin. Ta ce duk wadda take riƙon ɗan da ba ita ta haife shi ba ta ɗaga hannu. Hannaye suka tashi ta ko'ina, kakanni, gwaggwanni, yayyen uwa. Ta sauko daga kujerarta ta zauna a tabarma cikin matan, ta miƙo min littafin ta ce in riƙa rubutawa. Haka aka sauke ni daga mai jawabi zuwa magatakarda. Har azahar suna magana, matan da na rantse ba su da abin cewa. Aka soke "uwa" aka sa "mai riƙon yaro". Aka ce kowane yaro a ba shi kati mai lamba, ba sai an tilasta wa kowa faɗin suna ba. Aka ɗauke ranar daga Talata, kowane gari a tambayi ranar ruwansa tukuna. Aka ce a dama kunu a wurin, yaro ya sha kafin ƙwaya. Kwalba kuma a sa ta cikin 'yar baƙar jaka. Aka ƙara layin da babu shi a takardar kowa: wa ke wanke kayan yaron? Da na ɗaga kai daga rubutu na duba baya, Inna ta daɗe da tafiya.

A mota Dakta Rabi ta ce wannan ne zama na farko da ya yi amfani, kuma dole mu koma Tursa da Goronyo a sake. Na ce to. Ta ce amma ni zan buɗe taron, da labarin zane. Na ɗauka wasa take. Ba wasa take ba. Na tsaya a gaban mutanen Tursa na ba da labarin wandona a rumbu, na sake a Goronyo, kuma ko'ina da an gama dariya sai baki ya buɗe. Mutanen da suka ce "mun yarda" suka zo da gyara har shafi ya cika. Sunan Likita Mai Zane kuwa ya riga ni isa kasuwar Wurno. (Har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.)

Kwana huɗu na ƙi zuwa gida, ina kwana a asibiti. Ba dariyar ce ta hana ni ba, kallon nan na Inna ne. Rana ta biyar da la'asar na je, na shige ɗakin Kaka kai tsaye. Na tarar tana ɓare tafarnuwa. Na fara yi mata ƙorafin ta tozarta ni a gaban manya.

"Kai kat tozarta min suruka, nir rama mata," ta ce, ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Kai, wa kaka zato yag gano wandon ga cikin rumbu?"

Na ce ita.

"Ni da gwiwag ga ina hawa rumbu? Uwakka ta. Tun ranar hwarko tal lura wandonka guda ya ɓace cikin wanki. Tab bi gida tana nema har tas samo shi. Tat tahi Wurno da ƙahwa, rana tsaka, ta tambayo magani. Da malamin asibiti yac ce mi sunan yaron, sai tak kasa. Tad dawo hakanan, taz zaka nan tana kuka, tac ce in tashi mu kai ka. Hurar da kaka sha kullum da sahe har kaw warke, kana cewa tawa ta hi ta kowa daɗi, ni ban taɓa dama ta ba."

Na zauna a bakin gadonta. Na tuna furar, a wata 'yar ƙwarya mai tsaga a baki, kullum tana ajiye a ƙofar ɗaki kafin in farka.

Da zan fita na bi ta bakin murhu. Inna na tuƙa tuwo, ta ba ni baya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe min. Ba ta juyo ba. Ta ce wa ƙanwata, "Zuba ma wancan da yawa, ya rame." Shi ke nan maganar da muka yi a kai, har abada.

An yi gwajin, Bello yana cikin yaran farko da aka rubuta, Inna ce ta kai shi da katinsa a ƙulle a bakin zane. Likitocin suka gama suka koma birni. Kaka Ige ta rasu bayan 'yan shekaru. Ni na ci gaba da aiki, na yi aure, na haifi nawa ɗan farin, ina kallon matata tana kauce wa sunansa, ban ce mata komai ba.

Ciwon ƙarshe na Inna a babban asibiti muka yi shi, ni na zauna da ita. Ranar da aka ba ta gado wata ma'aikaciya ta zo da fom, yarinya ce sabuwa, da biro a aljihu kamar wani da na sani. Ta tambayi Inna wa ke jinyarta, yaya sunansa. Ina tsaye a gefen gado, da furfura a gemuna, sai na ji zuciyata ta buga irin bugun ranar tsamiya. Inna ta juyo da ƙyar, ta nuna ni da haɓa.

"Wancan," ta ce.

Na karɓi fom ɗin na rubuta sunana da kaina.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba na sake tsara wa mutane takarda sai na zauna a tabarmarsu na ji wa ke wanki, wa ke dama fura, wace rana ce ranar ruwa. Ba na kuma sa kaina misali a taron da akwai tsohuwar da ta san ni ba wando. Suna kuwa yanzu ina da su har sun yi yawa, ana kirana Malam, ana kirana Alhaji, ana kirana Mai Zane. In na je gida na wuce ta bakin murhun nan sai in rage tafiya, ko Allah zai sa in ji an ce a kai ma wancan tuwo.